Muna so mu haɗa wa sojojin da ke bakin daga kaya, ta ina za mu fara?

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Mu matan wata islamiyya ne a nan Kano, a cikinmu akwai waɗanda 'ya'yansu ko mazajensu sojoji ne suna Borno ƙarƙashin Operation Hadin Kai, ni ma ƙanin mijina yana can. To sai muka ce tunda hunturu ya ƙarato bari mu yi karo-karo mu haɗa musu ɗan kaya, ba namu kaɗai ba har da abokan aikinsu, saboda wlh bayin Allahn nan suna kwana a daji mu muna barci a ɗakunanmu. Mazan unguwa ma sun ce za su sa hannu. Matsalar dai ba mu san me ya fi dacewa mu saka ba, kuma ta wace hanya kayan za su isa hannunsu, sannan ina tsoron harkar kuɗin jama'a kar a zo ana zarge-zarge. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mana.

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Hajiya Allah ya saka muku da alheri, na yi ritaya amma na yi aiki a yankin nan kuma na san abin da saƙo daga gida yake yi wa zuciyar soja.

Kafin ku sayi ko allura ku fara tambayar su yaran naku, in sun samu netwok sun kira sai ku ce me kuke buƙata, domin wanda yake Monguno ko Baga wajen Tafkin Chadi sauro ne ya dame shi, wanda yake wajen Gwoza cikin duwatsu kuma sanyin dare ne. Abinci kam ana ba su, amma abin da mutum zai jefa a aljihu ya fita sintiri shi ne ake nema: kilishi, dambun nama wanda aka soya ya bushe sosai, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari da madarar gari, dabino, yaji mai daddawa. Yajin nan kar ku raina shi, mutum ya yi wata da watanni yana cin shinkafa da wake iri ɗaya in ya barbaɗa yajin gida sai ka ga har fuskarsa ta canza. Duk abin da yake da danshi ku bar shi, kaya na iya yin kwanaki a hanya suna jiran ayarin motoci, kuma Borno ko a hunturu rana tana duka da tsakar rana, zai lalace kafin ya isa.

Sai safa. Safa masu kauri, da yawa. Mutum yana yini yana kwana cikin but ƙafa tana yin gumi tana tsagewa, don haka safa da hoda da man Vaseline sun fi masa wani abin ƙawa. Ku ƙara da sabulu, maganin sauro na shafawa, hular sanyi mai duhun launi, da pawa bank musamman mai cajin rana don wurare da yawa babu wuta. Magani kuma kar ku saka na sha ko kaɗan, suna da ma'aikatan lafiyarsu kuma zai iya jawo a riƙe muku kayan gaba ɗaya.

Ɗan Yerwa:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni a Maiduguri nake bari in ƙara a kan hanya. Kar ku ce za ku ɗauki mota ku nufi sansani da kanku, ba a shiga haka, wasu hanyoyin ma kamar ta Damboa sai da rakiyar sojoji ake bi. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyarku ku kai barikin da ya fi kusa da ku, tunda kuna Kano ga Bukavu nan, ku nemi ofishin hulɗa da jama'a su gaya muku tsarin da ake bi, hedkwatar runduna ta 7 tana nan barikin Maimalari kuma ta nan abubuwa da yawa suke bi su wuce gaba. In kaya kaɗan ne na mutum ɗaya ko biyu yawanci abokin aikinsu da ya zo fas, wato ɗan hutun ganin gida, zai koma shi ake ba wa, amma kaya masu yawa gara a bi ta sama a samu wanda zai sa hannu ya ce ya karɓa.

Kuma dan Allah Hajiya ki ja kunnen matasan da za su taya ku, kar wanda ya hau Facebook ko TikTok yana cewa kaya za su tafi gari kaza ranar kaza wajen bataliya kaza. Ba mu kaɗai muke karanta intanet ba. In da hali ku ware wani abu ga 'yan kato da gora, tun 2013 suke tare da sojoji a wannan yaƙin kuma da yawansu talakawa ne masu iyali.

Matar Bariki:
Yaya Ummu Sadiq sannu da ƙoƙari. Ni maigidana yana Zamfara yanzu cikin Operation Fansan Yamma, rundunar da ke yaƙi da 'yan bindiga, kafin nan ya yi arewa maso gabas. Abin da zan roƙe ku shi ne ku sa yaran islamiyyarku su rubuta 'yan wasiƙu a saka a kowace leda, ko layi biyu ne na addu'a, mijina har yau yana ajiye da wata takarda da ɗiyarmu ta rubuta masa da fensir duk ta yi laushi saboda ninkewa. Kuma ku tuna ba duka musulmi ba ne, akwai kiristoci da yawa daga kudu da tsakiyar ƙasa a rami ɗaya suke kwana, to a rubuta abin da kowa zai karanta ya ji daɗi, wasu a yi da turanci.

Sannan in kuɗin ya yi saura ku leƙa bariki wajen matan da mazajensu suka rasu, akwai marayu da yawa kuma kuɗin makaranta ne babban abin da yake kayar da iyaye mata. Ƙungiyar matan sojoji NASWA da ta matan hafsoshi NAOWA sun san gidajen, magajiyar bariki ma ta san kowa. Ba sai an jira 15 ga Janairu ranar tunawa da mazan jiya ba.

Ummu Sadiq:
Ameen ameen, na gode sosai wlh kun buɗe min ido, mu da har mun fara maganar cincin da dubulan. Baba su ma ba za su yi ba? Kuma har yanzu maganar kuɗin ce take damuna.

Tsohon Soja:
Cincin zai yi in ya soyu sosai aka ɗaure shi a leda biyu, dubulan ne nake shakka saboda ruwan sukarin, tururuwa za ta bi shi. Ku ƙulla komai ƙanana-ƙanana yadda za a raba wa mutum ɗai-ɗai ba sai an buɗe babban buhu ba.

Malam Akawu:
Hajiya a kan kuɗi kar ya shiga asusun mutum ɗaya shi kaɗai yana juyawa. Ku zaɓi mutum uku, mace biyu da dattijo ɗaya daga masallacin unguwa, a samu littafi duk wanda ya kawo ko naira 500 ce a rubuta a gabansa, wanda ya turo ta waya a tura alat ɗin a guruf ɗinku na WhatsApp, in an je kasuwa a karɓo rasit ko a rubuta farashi a dawo a karanta wa kowa. Wanda yake da shago ku ce ya ba da kaya maimakon kuɗi, mai sabulu ya ba da katan, mahauci ya yi muku kilishi a farashin sari, hakan yana rage surutu sosai. Kuma ku yi hattara da masu saka hoton kaki a intanet suna cewa su sojoji ne a turo musu kuɗi za su raba, in ba wanda danginku suka sani ba ne ko ofishin da kuka kai wa takarda kar ku tura wa kowa ko sisi. Ku sa ranar rufe karɓa tun yanzu don a samu lokacin soya nama da ɗaure kaya kafin sanyi ya kankama a Disamba.