Aiki a shagon abinci tare da karatu a ABU

Tambaya daga ɗalibi a Samaru:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma wani shagon shawarma da soyayyar kaza a Samaru ya ba ni aiki daga bayan la'asar zuwa ƙarfe 10 na dare. Ina buƙatar kuɗin domin in rage wa mahaifina nauyi, amma ina tsoron karatuna ya yi rauni. Me kuke gani?

Amsa daga Kongo:
Wa'alaikumussalam, ƙanena. Na yi irinsa tsawon zango guda. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne tsayuwa gaban tukunyar mai har ƙafafuna su kumbura, sannan in koma ɗaki tufafina suna ƙaurin suya, in buɗe littafi barci ya kwashe ni. Ka nemi kwana uku kawai a mako, kuma ku yi yarjejeniya tun farko cewa za a ɗaga maka ƙafa lokacin jarrabawa.

Amsa daga Sabon Gari:
Malam, ka fara duba jadawalin laccarka, domin wasu malaman sukan sa gwaji da yamma. Ka kuma tambayi ranar biyan albashi kafin ka ɗaura gyauton aiki.