Kainuwa da taki mai rai, a taimaka min da shawara

Salam 'yan uwa manoma, don Allah ga abin da ya ɗaure min kai. Ina noman rani ne a wajen Wasai kusa da Kano, ruwan kogin Jakara muke ban ruwa da shi, kun dai san yadda yake zuwa daga birni, wani lokacin baƙi ƙirin har da kumfa. Na saba in kwashe kainuwa daga kududdufina in tara ta ruɓe in zuba wa latas da alayyahu, sai ɗan yayana da ke karatun gona ya ce Baba ka bari, saiwar kainuwa tana zuƙe dalma da kuromiyam, wato ƙarafa masu guba na ruwan masu jima da ke shiga Jakara, kuma ruɓewa ba ta kashe ƙarfe, gona kawai kake mayar da shi. Wallahi jikina ya yi sanyi, mu ma fa daga ciki muke ci.

To yanzu na samo takin nan mai rai, wato mai ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai a cikinsa, an ce wasu ƙwayoyin suna riƙe ƙarfen kar ya shiga shuka, wasu kuma narkar da shi suke shuka ta ƙara sha. Wanne zan sa a kududdufin, wanne a fangali? Ita kainuwar da na kwashe kuma ina zan kai ta, tunda awaki ma na hana su?