Sauya sabar suna: shafi ya tashi, imel ya tsaya

Daga Pantami: Assalamu alaikum 'yan uwa. An mayar da shafin wata makaranta a nan Gombe zuwa sabon hostin (kamfanin da ke ajiye shafin), aka sauya NS, wato rikod ɗin da ke nuna sabar suna. Wasu na ganin sabon shafin, wasu tsohon, imel kuma ya daina shigowa gaba ɗaya. Masu wannan aiki, ina matsalar take?

Daga Jekadafari: Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ce, kada ka haɗa su. Sabar suna ita ke riƙe da duk bayanan domen, wato sunan shafin a intanet: rikod ɗin A mai nuna adireshin IP na shafi, MX mai nuna inda imel zai sauka, da TXT inda SPF da DKIM, masu tabbatar da cewa imel daga gare ka ya fito, suke. Da ka sauya NS a wurin kamfanin da ka yi rajistar domen, ka ɗauke ikon duka ka miƙa wa sabuwar saba. Abin da ba ka kwafa can ba, babu shi. Yawanci sabon hostin yakan sa MX nasa da kansa, sai wasiƙu su riƙa faɗawa akwatin da ba wanda ke dubawa. Shiga cPanel (shafin sarrafawa) na tsohon hostin, buɗe Zone Editor inda rikod ɗin suke, kwashe MX da TXT ɗaya bayan ɗaya, har lambar fifiko ta MX.

Daga Bolari: Na ganin tsohon shafi kuwa TTL ne, wato wa'adin da ake ajiye amsar sabar suna kafin a sake tambaya. Sabar kowane kamfanin sadarwa tana ajiye amsa har wa'adinta ya cika. A domen .com wa'adin NS daƙiƙa 172800 ne, awa 48 ke nan, kuma ba ka da ikon rage shi. Don haka kada a rufe tsohon hostin sai bayan kwana 3.

Daga Tudun Wada: Ni shawarata, in shafi kaɗai za a matsar, a bar NS inda yake. A rage TTL na rikod ɗin A zuwa daƙiƙa 300 tun jiya, yau a sauya IP, cikin minti 5 an gama, imel bai ma san an yi ba, in dai MX ba sunan da aka sauya wa IP yake nunawa ba.

Daga Jekadafari: Gaskiya ne yallaɓai. Sai kuma DNSSEC, tsarin sa hannun tsaro a kan bayanan domen, wanda ya fi duka cin rai. In a kunne yake aka bar tsohon rikod ɗin DS (mai nuna makullin tsohuwar saba), sabobin Google (8.8.8.8) da Cloudflare (1.1.1.1) za su mayar da saƙon kuskure na SERVFAIL, shafin ya ɓace ɗungum. A cire DS tukuna, a jira wa'adinsa ya wuce, sannan a sauya. Kuma kada a cakuɗa tsohuwar saba da sabuwa a jerin NS, amsa za ta riƙa zuwa iri biyu.

Daga Bolari: Malam, buga `nslookup -type=mx` da sunan domen ɗin, ka turo mana abin da ya fito.