Ganuwar Turawa da ke Keta, wa ya san tarihinta?

Ɗan Nima:
Salam 'yan'uwa. Satin da ya wuce na raka yayana Keta, a gabashin gaɓar tekun Ghana, sayen kifi, sai na ga wani tsohon gini a bakin teku, rabinsa ya zube, wai sunansa Fort Prinzenstein. Mai gadin ya shigar da mu wani ɗaki mai duhu da ake tsare bayi, wallahi ko minti biyar ban iya yi ba saboda zafi da warin danshi, bangon ma in ka shafa sai ya bar maka gishiri a hannu. To su wa suka gina shi ne, kuma me ya sa aka bar shi haka alhali ganuwowin Elmina da Cape Coast kullum cikin farin fenti suke?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mutanen Danmak ne suka gina shi a 1784 bayan sun yi yaƙi da Anlo, wato 'yan ƙabilar Ewe na wannan yankin, suka ci su, sai suka kafa ganuwar don kada wani Bature ya yi ciniki a wurin sai su. Kafin su 'yan Holan sun taɓa yin wata ƙarama a nan Keta a 1734 amma ba ta daɗe ba. Cinikin kuwa har da na mutane, ɗakin da ka shiga shi ne shaida. A 1850 Danmak ta tattara duk ganuwowinta na gaɓar nan, har da Christiansborg ta Osu a Accra, ta sayar wa Ingila a kan fam 10,000. Daga baya aka mai da ta Keta kurkuku. Kuma abin da yawancinmu 'yan zango ba mu sani ba, a 1873 zuwa 1874 Kyaftin Glover na Ingila da dakarunsa Hausawa ya yi yaƙi a wannan ɓangaren na Volta, to ka ga tarihin bai yi nisa da mu ba.

Maman Hanifa:
Ni dai Malam ka yi haƙuri, ban ga dalilin kashe kuɗi a kan gidan da aka wulaƙanta kakannin mutane ba. Mutanen Keta da ransu teku na cinye musu gidaje, su za a fara dubawa ko bango?

Malamin Tarihi:
Hajiya ai maganarki da tawa duk ɗaya ce, ruwan da ya ci gidajen shi ya ci ganuwar. A 1980 teku ya rushe babban ɓangarenta, shekara ɗaya kacal bayan UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tare da sauran ganuwowin Ghana a 1979. Garin a kan siririn yashi yake, teku ta nan, tafki ta can. Da can kogin Volta ne ke kawo yashi yana cike abin da igiyar ruwa ta kwashe, da aka gama madatsar Akosombo a kan kogin a 1965 yashin ya ragu sosai, shi kuwa teku bai fasa ɗiba ba. Manyan duwatsun nan da aka jera a gaɓa wajen farkon shekarun 2000 su suka ɗan tare abin. Ganuwar garin Ada ma, Kongenstein, ruwa ya gama da ita tuni.

Birkila Ashaiman:
Bari in sa baki ta ɓangaren sana'ata. Masu cewa a yaɓe shi da siminti kawai, kada ku soma. Tsohon gini irin wannan da farar ƙasa aka yi shi, yana shan danshi yana fitarwa, in ka rufe shi da siminti gishirin ya maƙale a ciki sai ya riƙa cin dutsen ta ciki, wata rana ka ga yaɓen ya ɓantaro da bangon gaba ɗaya. Aikin na hukumar gidajen tarihi ta Ghana ne, kuma masu iya kwaɓin farar ƙasa yanzu sun yi ƙaranci, ni kaina a wurin wani tsoho na gani sau ɗaya.

Ɗan Nima:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Maman Hanifa in kin samu dama ki je ki shiga ɗakin nan tukuna mu sake magana. Mota na nan a tashar Tudu a Accra, ta Sogakope ake bi.