Karon farko da muka karanta Dracula: wane wuri ne ya hana ku barci?

Malamar adabi, Zariya

Assalamu alaikum. A hutun da ya wuce na ɗauko Dracula na Bram Stoker, littafin da ya fito a Landan a 1897, domin in duba ko zai dace da manyan ɗalibaina. Na ɗauka tunda na san labarin daga fina-finai tun ina yarinya, babu abin da zai razana ni a ciki. Abin da ya kama ni kuwa ba haƙora ba ne, ba jini ba ne. Jonathan Harker, matashin lauyan da aka aika daga Ingila zuwa Tiransilbaniya, a ƙasar Romaniya ta yau, don kammala cinikin wani gida kusa da Landan, ya tarar da mai masaukinsa Dracula, dodon da ke shan jinin mutane, yana gyara masa shimfiɗa da hannunsa, daga baya kuma ya leƙa ta tsagar ƙofa ya gan shi yana shirya teburin abinci. A nan ya gane cewa babu bara ko ɗaya a wannan katafaren gida, kuma mutumin da ya tuƙo shi a keken doki cikin dare shi ne dai mai gidan. Ashe duk karamcin da aka yi masa kiwo ne, irin wanda ake yi wa ragon layya. An ɗauke wuta a daren, ina karatu da fitilar waya, kuma sau biyu na tashi na taɓa sakatar ƙofar da na san na riga na zura.

Ina roƙon duk wanda ya karanta shi ya faɗa mana inda yake a lokacin, da wurin da ya tsaya masa a rai.

Ma'aikaciyar jinya, Kano

Wa alaikumus salam, Malama. Ni a wurin aikin dare na karanta shi, tsakanin zagayen ƙarfe goma sha biyu da na asuba, kuma ciwon Lucy, budurwar da dodon yake shan jininta a Ingila, shi ne ya dame ni, domin irin majinyaciyar da muka sani ce. Yarinya tana ramewa, dasashinta ya ɗashe, a yi mata ƙarin jini ta farfaɗo da rana, gari ya waye a same ta kamar ba a yi komai ba. Sau huɗu aka ƙara mata jini daga maza huɗu daban-daban, wato Arthur da zai aure ta, da likita Seward, da tsohon malaminsa Van Helsing, da Quincey Morris, ba tare da wani gwaji ba. Da farko na ga kamar sakacin marubuci ne, sai na tuna cewa sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini, shekara huɗu bayan fitowar littafin. Mu da ba ma ɗaura leda ɗaya sai an gwada an sake gwadawa, karanta wannan kaɗai ya isa ya tayar mana da tsigar jiki.

Amma inda na ajiye littafin na riƙe kai shi ne safiyar da mahaifiyar Lucy ta sanar da likitoci, cikin jin daɗin ta kyauta, cewa ta shiga ɗakin cikin dare ta kwashe furannin tafarnuwa saboda warinsu, ta kuma buɗe taga domin 'yarta ta sha iska. Babu wanda ya gaya mata amfanin furannin, wai don tana da ciwon zuciya kada a tayar mata da hankali. Na sha ganin irin wannan da idona: uwa ta rufe ƙarin ruwa saboda hannun yaronta ya yi sanyi, ko ta ɗura masa jiƙo a ɓoye alhali an hana shi cin komai kafin aiki. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce da ba a yi wa bayani ba, kuma laifin yakan fi yawa a wuyanmu. Da na kai wannan shafin sai na tashi na zaga gadaje, ina jan fatar idon duk wanda aka ƙara wa jini a ranar ina dubawa, har wata mai jinya ta tambaye ni ko lafiya.

Wakilin fiton kaya, Tema

Malama, ni babin jirgin ruwa ne. Jirgin Demeter ya taso daga Varna da ke gaɓar Bahar Aswad da mutum tara da akwatunan ƙasa hamsin, kuma duk abin da muka sani game da tafiyar daga kundin kyaftin ne, gajerun layuka masu kwanan wata. Yau mutum ɗaya ya ɓace, bayan 'yan kwanaki wani, har jirgin ya shigo tashar Whitby ta Ingila cikin hadari da gawar kyaftin ɗaure a jikin matuƙi, wani ƙaton kare kuma ya yi tsalle ya fice.

Abin da ya sa na yi dariya na kuma tsorata lokaci guda shi ne takardu. Kyaftin ya rubuta cewa jami'an kwastan na Turkiyya sun hau jirgin, an ba su na goro, sun ce komai daidai ne. Da kayan suka sauka akwai lauyan da ke jiransu, akwai kamfanin dako, akwai rasit har da canjin kuɗi, aka ɗora akwatunan a jirgin ƙasa zuwa Landan. Shekarata goma sha bakwai ina sa hannu a kan kwantenonin da ban ga cikinsu ba. Dodon nan bai shigo Ingila da tsafi kaɗai ba, ya shigo ne da takarda mai hatimi, kuma mutane irina ne suka yi masa dako suka karɓi ladansu.

Malamin makaranta, Damagaram

Na karanta fassararsa ta Faransanci ina ɗalibi, kuma ban yi nisa da labarin Lucy ba sai muryar kakata ta dawo mini. Mutum ya yi ta ƙanjamewa ba a san dalili ba, yana zabura cikin barci, magani ba ya kama shi: a garinmu ba a buƙatar likita daga Amsterdam irin Van Helsing kafin a ce maye ya kama kurwarsa. Muna yara, in muka wuce ƙofar wanda ake zargi, mukan ce kurwata kur a ƙasan maƙoshi mu ƙara sauri. Saboda haka tsoron littafin bai zo mini baƙo ba.

Sai dai akwai bambancin da ya daɗe yana damuna, kuma shi ne ya sa ban ji daɗin ƙarshen labarin ba kamar yadda abokaina suka ji. Dracula matacce ne, baƙo ne daga nesa, mai dukiya da sarauta, kuma marubucin ya nuna mana laifinsa ƙarara, don haka idan aka bi shi da wuƙaƙe har ƙofar gidansa mai karatu ba ya jin komai sai sanyi a rai. Wanda ake kira maye a wurinmu rayayye ne, maƙwabci ne, kuma sau da yawa tsohuwa ce marar gata. Ina ɗan shekara tara aka taru a kan wata mai sayar da daddawa a unguwarmu, aka tilasta mata ta tsallaka wani yaro da zazzaɓi ya kwantar. Na ga zanenta ya kwance tana riƙe shi da hannu ɗaya, tana rantsuwa babu mai saurare. Yaron ya warke bayan an kai shi asibiti, ita kuwa ba a ƙara sayen daddawarta ba har ta bar garin. Lokacin da Van Helsing yake lallashin samarin nan su yarda da abin da ido bai gani ba, yana ja musu hujja ɗaya bayan ɗaya har suka bi shi maƙabarta, ni fuskar wannan matar nake gani. A littafin ya yi gaskiya. Masu irin tabbacinsa da na sani a zahiri ba su yi ba.

Akawu, Jos

Ku gafarce ni, ni dai ban ji tsoro ba bayan babi huɗu na farko. Da labarin ya koma Ingila sai ya zama wasiƙun 'yan mata a kan wanda ya nemi auren wa, da maza masu kuka suna riƙe hannun juna suna alkawari, da dogayen jawaban Van Helsing cikin karyayyen Turancin da marubucin ya ɗora masa. Mai sunan littafin kansa ba a cika ganinsa ba. Abu ɗaya da na ƙaru da shi shi ne hasken rana ba ya kashe shi a littafin, har an gan shi da rana tsaka a titin Landan. Wannan mutuwar ta fitowar rana daga wani fim ɗin Jamus na 1922 ta samo asali. Na gama shi ne kawai don na riga na biya kuɗinsa.

Malamar adabi, Zariya

Malam Akawu, ƙorafinka a kan tsakiyar littafin yana da hujja, amma rashin ganin dodon ina jin da gangan ne. Littafin ba shi da mai ba da labari guda, tarin takardu ne: kundin sirri, wasiƙu, telegiram, yankakkun labaran jarida, da maganganun da Seward yake ɗauka a na'urar murya. Kowa ɗan guntu ya sani, mai karatu ne kaɗai yake riƙe da duka, shi ya sa kake ji kamar ka yi musu tsawa. Mina, matar Harker, ita ce ta zauna da tafireta ta jera komai bisa kwanan wata har suka gane abin da ke faruwa, sannan mazan suka saka mata da cewa ta koma gefe don mace ce, suka daina gaya mata komai, suka bar ta ita kaɗai a ɗaki da dare. Abin da ya faru da mahaifiyar Lucy, wanda Sista ta ambata, shi suka maimaita.

Tsohon ma'aikacin gidan waya, Katsina

'Ya'yana, ni na karanta shi tun kafin a haifi yawancinku, kwafin wani abokin aikina ne da bangonsa ya yage. Da farko gicciye da burodin coci da suka cika littafin sun sa na ja baya, ina tunanin ko ya dace in ci gaba. Sai na lura cewa Harker da kansa, da matar mai masauki ta rataya masa gicciye a wuya, ya rubuta cewa a cocinsu na Ingila an koya masa kallon irin wannan a matsayin wani abu mai kama da bautar gumaka, kunyar tsohuwar ce kawai ta hana shi ƙi. Na ɗauki labarin a matsayin tatsuniyar mutanen wata ƙasa da tsarinsu na neman kariya, na karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kamar kullum, na kwanta.

Abin da bai bar ni ba har yau ƙa'ida ɗaya ce: ba ya iya shiga gida karon farko sai wani na cikin gidan ya ce masa ya shigo, daga nan kuma ƙofa a buɗe take gare shi. Shi ma da Harker ya iso, bai jawo shi ciki ba, ya tsaya ya ce ya shigo bisa son ransa. Mu da aka raina da cewa baƙonka annabinka, wanda in an yi sallama bakinmu yake amsawa kafin mu ga fuska, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi kusan mako guda in aka yi sallama bayan isha sai na fita zaure da fitila na ga mutum kafin in ce bismillah, har maiɗakina ta tambaye ni ko bashi na ci.

Uwar yara uku, Kaduna

Baba, ni ban kai inda kuka kai ba, kuma ina ganin ba zan kai ba. Ina jego na biyu ƙanwata ta kawo mini shi don in rage zaman ɗaka. Na wuce wurin madubin aski da ba ya nuna mai gidan, na wuce inda ya sauko bango da kai ƙasa kamar ƙadangare, duk ina jin daɗin tsoron. Sai ga daren da ya jefa wa wasu mata uku masu shan jini da ke gidansa jaka, wani abu yana motsi a ciki, Harker kuma ya ji kamar kukan yaro da aka toshe wa baki. Na daure na ci gaba. Bayan 'yan shafuka wata mata ta shigo farfajiyar gidan gashinta a warwatse, tana dukan ƙofa da hannuwanta tana kururuwa a ba ta ɗanta, shi kuwa daga can sama ya kira kyarketai. Ba a faɗi sunanta ba, ba a sake ambatonta ba a iya inda na karanta.

Jaririyata tana barci a gefena cikin gidan sauro, 'yar kwana ashirin da shida. Na rufe littafin, na ɗauko ta na ɗora a ƙirjina duk da ba ta yi kuka ba, muka kwana a haka, fitila a kunne. Da safe na sa yayanta ya hau kujera ya ajiye shi a saman kabad. Yarinyar yanzu tana aji uku a firamare, littafin kuma yana can, da takardar awon ciki a shafin da na tsaya.