An gano rauni a manhajar PLC ɗinmu amma an ce layi ba zai tsaya ba, daga ina zan fara?

ɗan_kwantirol ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abin ku ba ni shawara. Ni ke kula da na'urorin sarrafa injina a wata masana'anta, wato PLC (ƙaramar kwamfutar da ke ba injina umarni) da HMI (allon da ma'aikata ke sarrafa injin ta kansa) da kwamfutar da SCADA (manhajar sa ido a kan dukkan tsarin) ke kai. Kamfanin da ya ƙera PLC ɗin ya fitar da sanarwa cewa an gano rauni a manhajar, wanda duk ya iya kaiwa ga na'urar ta netwok zai iya canza furogiram ɗin ba sai da faswod ba. To mutanen IT sun ce a saka faci, wato gyaran manhaja da ke toshe raunin, yau ɗin nan, manajan samarwa kuma ya ce wallahi layi ba zai tsaya ba sai lokacin gyaran shekara, sannan kwamfutar HMI ɗin har yanzu Windows 7 ce kuma wanda ya haɗa mana tsarin ya ce in aka taɓa ta aka samu matsala ba ruwansa. Shi manaja hujjarsa ita ce ai injinan ba sa kan intanet, wa zai shigo. Shin maganarsa haka take? In ba haka take ba me zan fara yi kafin a samu damar tsayar da aiki?

MaiTsaronNetwok ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Maganar "ba ma kan intanet" kar ka karɓe ta sai ka bi waya ɗaya bayan ɗaya ka gani da idonka. Sau da yawa za ka tarar akwai kwamfuta guda mai katin netwok biyu, ɗaya na ofis ɗaya na wajen injina saboda a riƙa jan rahoto, ko wata ƙaramar rawuta mai layin waya da masu gyara suka maƙala a cikin fanel don su riƙa shiga daga nesa kuma kowa ya manta da ita. Ko da ma da gaske a ware kuke, muguwar manhajar nan Stuxnet da aka gano a 2010 ta hanyar fulash take yaɗuwa, ta nemi manhajar Step 7 ta Siemens da ake tsara PLC da ita, ta canza gudun injinan tace yuraniyam a Natanz ta ƙasar Iran, masu aiki kuma suna kallon allo yana nuna musu komai lafiya lau. Laftof ɗin injiniya da ke fita waje ya dawo a jona shi da PLC shi ma ƙofa ce.

Abin da ya kamata ka gane shi ne ko ka saka facin nan ba ka gama ba. Modbus, yaren da na'urorin masana'anta da yawa ke magana da juna da shi, tun 1979 aka fito da shi, ba ya tambayar waye kai, duk wanda ya kai ga ƙofar netwok ta 502 zai iya rubuta umarni PLC ya bi. Wannan ba kuskure ba ne da faci zai gyara, haka aka ƙera shi, lokacin ba wanda ya yi tunanin baƙo zai hau wayar. Saboda haka babbar tambaya ita ce waye zai iya kaiwa ga na'urar.

Fara da lissafa duk abin da kake da shi, kowace na'ura da adireshinta da sigar manhajar da ke kanta da kuma da wa take magana. Daga nan ka sa fayawol, wato shingen da ke tace saƙonnin da ke wucewa, tsakanin netwok ɗin ofis da na injina, ka toshe komai sannan ka buɗe abin da ya zama dole kawai, misali wannan HMI ɗin ya yi magana da wannan PLC ɗin ta wannan ƙofar, shi kenan. Shi ne abin da ƙa'idar tsaron na'urorin masana'antu ta IEC 62443 ke nufi da raba masana'anta shiyya shiyya da tsare mashigar da ke tsakaninsu. Yawancin wannan aikin za ka iya shirya shi layi na tafiya.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Na yarda da malam na sama, amma bari in ja maka kunne ɗana. Kar ka bari yaran IT su saki manhajar binciken rauni irin ta ofis a kan netwok ɗin injina ana cikin aiki. Tsofaffin PLC ba sa jure ruwan saƙonni, wani sai ya daskare, kuma in ya daskare ba imel ba ne ya tsaya, famfo ne ko tukunyar tururi ko bel mai ɗauke da kaya da mutane a gefe. A saurari netwok ɗin ta madubin suwic, wato ramin da ke kwafo saƙonnin da ke bi ta cikin suwic ɗin, a ga abin da ke wucewa, ba tare da an aika wa na'ura komai ba.

Kafin ka taɓa komai ka kwafe furogiram ɗin kowane PLC da furojet ɗin HMI da hoton dukkan faifan kwamfutar, ka ajiye a inda ba a jone da netwok ba, kuma ka gwada mayar da shi a kan wata na'urar ajiya ka ga ya tashi, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba ka san me ke cikinsa ba. Facin ma a kan na'urar gwaji za ka fara saka shi.

Sai makulli. In PLC ɗinku na da makullin nan na jiki, ka juya shi zuwa RUN ka zare ka ba shugaban shif ya riƙe, a yawancin irinsu a haka ba a iya loda sabon furogiram daga nesa. A 2017 lokacin harin Triton a wata masana'antar sinadaran man fetur a Saudiyya, na'urar kare rayuka ta Triconex aka nufa, wadda aikinta ta kashe injina in abu ya ɓaci, kuma mugun furogiram ɗin yana buƙatar makullin ya kasance a PROGRAM kafin ya shiga. Allah ya taimaka na'urar ta ga abin da bai yi mata ba ta tsayar da masana'antar, da haka asiri ya tonu. Wannan harin ya fi kowanne tayar min da hankali domin rayukan ma'aikata aka yi wasa da su.

Kuma ku tabbata har yanzu akwai masu iya tafiyar da aiki da hannu. A Disamban 2015 da aka yi wa kamfanonin rarraba wuta na Yukren kutse aka kashe wa kwastoma kusan 225,000 wuta, ma'aikata ne suka je tashoshi da kansu suka mayar da wutar da hannu cikin 'yan sa'o'i.

HajiyaSCADA ta rubuta:

Baba na ji bayaninka kuma gaskiya ne, sai dai ina tsoron manajansa ya karanta ya ce to kun gani ba sai an yi faci ba. A'a. PLC zai iya jiran lokacin gyara in an killace shi, amma ita wannan Windows 7 ɗin Microsoft ta daina ba ta facin tsaro tun Janairun 2020, kuma yawanci ta ɓangaren Windows ake shigowa. Muguwar manhajar WannaCry a Mayun 2017 ba ta san me ake kira PLC ba, ta ƙofa ta 445 ta bi tsofaffin kwamfutoci amma sai da Renault mai ƙera motoci ta tsayar da aiki a wasu masana'antunta, alhali facin ya fito tun watan Maris. Ka kashe SMBv1, tsohon tsarin raba fayil na Windows da WannaCry ta bi, in manhajar HMI ɗin ba ta dogara da shi ba, ka toshe ramukan fulash, ka sa tsarin da ba ya barin kowane furogiram ya tashi sai wanda aka amince da shi, kuma a sa kuɗin canza kwamfutar a kasafin bana.

Sai shiga daga nesa, nan ne nake ganin sakaci ya fi yawa. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a 2021 da faswod ɗin wani tsohon akawun na VPN (hanyar shiga netwok ɗin kamfani daga nesa) aka shiga wanda ba shi da tantancewa mataki biyu, dole kamfanin ya rufe bututun mai na kwanaki. A Nuwamban 2023 kuma aka kutsa PLC na Unitronics a wata hukumar ruwa a jihar Fensilbaniya, na'urorin a buɗe suke a intanet kuma irinsu da faswod 1111 suke zuwa daga kamfani. Ka nemi adireshinku na waje a Shodan, shafin da ke lissafa na'urorin da ke buɗe a intanet, ka ga ko wani abu naku ya bayyana. Mai gyara daga waje ya shigo ta VPN mai mataki biyu, ya sauka a kwamfuta guda ta tsakiya da ake naɗar abin da ya yi, kai ne za ka buɗe masa kuma in ya gama ka rufe.

ɗan_kwantirol ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura ɗaya, sanarwar rauni kullum fitowa take, ya zan san wacce zan ɗaga wa hankali?

MaiTsaronNetwok ya rubuta:

Kar ka tsaya a makin CVSS kaɗai, shi daga 0 zuwa 10 yake auna munin raunin amma bai san yadda masana'antarku take ba. Ka tambayi kanka, ana iya kaiwa ga na'urar daga ofis ko daga waje? In aka juya ta me zai faru, kaya ne za su lalace ko mutum ne zai ji rauni? Sannan ka duba jerin KEV na CISA, hukumar tsaron intanet ta Amurka, na raunin da aka tabbatar masu kutse na amfani da su, duk abin da ka gani a ciki kuma kana da shi to ya hau gaba. Ka karanta sanarwar kamfanin har ƙasa domin suna rubuta matakan rage haɗari ga wanda bai iya faci yanzu ba, wani lokacin ma babu facin gaba ɗaya, kamar rauni mai lamba CVE-2021-22681 na na'urorin Logix na Rockwell mai maki 10, kamfanin ya ce faci ba zai magance shi ba sai killace netwok da makulli da sauran matakai. Ka rubuta abin da ka toshe da abin da ya rage da ranar da za a saka facin, manajan samarwa da shugaban IT duk su sa hannu a kai.