Wai wace mata ce ta gina kabarin nan na Agra?

Uwar Biyu: Jama'a, ɗiyata ta dawo daga karatu a Indiya, ta ishe ni da labarin wani kabari a Agra, wai mace ce ta sa aka gina shi. Na ce Taj Mahal? Ta ce a'a.

Malamin Tarihi: Hajiya, Nur Jahan ce, matar Sarki Jahangir, ya aure ta a 1611. Mahaifinta ta gina wa, daga 1622 zuwa 1628. Farin marmara ne, an dasa masa duwatsu masu launi kamar aikin surfani. Ya girmi Taj Mahal ma.

Ɗan Zariya: Har kuɗi an buga da sunanta. Kuma Mumtaz, wadda aka gina Taj Mahal dominta, ɗiyar wanta ce.

Uwar Biyu: Ikon Allah! To nata kabarin fa?

Malamin Tarihi: Yana Lahore, can ta rasu a 1645. Bai kama ƙafar na uban ba wajen ado.